Gandun Dajin Dindir: Wa ke da izinin kwana a ciki, kuma bisa wane sharaɗi?

A kudancin jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, inda Kogin Rahad ke gangarowa daga tsaunukan Habasha, akwai wata iyaka wadda ba a yi mata katanga ko shingen waya ba. A gefe ɗaya gonakin dawa ne da riɗi. A ɗaya gefen kuma gandun namun daji ne na Dindir, wanda ya fi kowane gandu suna a ƙasar Sudan. Duk wanda ya tsallaka wannan iyaka ya shimfiɗa tabarma ya kwana ba tare da takardar izini ba, ya karya doka, ko da bai taɓa zabo ɗaya ba.

Maganar ta shafi mutane iri biyu. Akwai baƙi, wato 'yan yawon buɗe ido da ɗaliban jami'a da masu bincike, waɗanda ke son su goya jaka da tanti su nutsa cikin daji su kwana. Akwai kuma mazauna ƙauyukan bakin Rahad, cikinsu har da Hausawa da Fulani, waɗanda neman abinci ne ke kai su kwana a daji: masunta, masu ɗiban zuma, masu tsagar ƙaro, masu yankan kaba da makiyaya. Doka ɗaya ce a kan kowa, amma nauyinta bai zo daidai a kan kowa ba.

Mene ne gandun Dindir?

An kafa gandun a shekarar 1935, zamanin mulkin haɗin gwiwar Ingila da Masar, shekara biyu bayan yarjejeniyar da Turawan mulkin mallaka suka ƙulla a Landan a 1933 kan kare dabbobi da tsirran Afirka. A 1983 gwamnati ta faɗaɗa shi, har girmansa ya ɗan haura murabba'in kilomita 10,000. Yana shimfiɗe ne a cikin jihohi uku: Sinnar, Gadarif, da Nilul Azraƙ, wato Shuɗin Nilu. Daga gabas ya jingina da iyakar Habasha, inda ya haɗu da gandun Alatish na can ƙasar. Hukumar UNESCO ta saka shi cikin jerin wuraren adana halittu na duniya a 1979, sannan a 2005 aka saka shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Koguna biyu ne ke rayar da shi, Dindir da Rahad. Dukansu suna cika da damina, su tsaya da rani, su bar kududdufai a cikin rairayi. Idan kogi ya yi ambaliya, ruwa yakan kwanta a tsofaffin hanyoyinsa da ya bari, ya zama fadama mai ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Irin wannan fadama ake kira "maya" a Larabcin yankin. Daga cikin sanannu akwai Ras Amir da Girerisa da Abdul Gani da Ainus Shams. A nan ne ɓauna da kwanta-rafi da gwambaza da batsiya da mugun dawa ke taruwa idan ruwa ya ƙafe a ko'ina, zaki da kura kuma na biye da su. Akwai jimina da zabi da kwasa-kwasa da borin-tunke, da tsuntsaye masu ƙaura daga Turai. A bakin kogi ana samun goriba da tsamiya da ɓaure da kurna. Nesa da ruwa kuma, dushe da aduwa ne suka mamaye baƙar ƙasar.

Wa ke ba da izini?

Gandun yana hannun Babbar Hukumar Kare Namun Daji ta Sudan, wadda jami'anta 'yan sanda ne masu kayan sarki da bindiga. Wannan ya bambanta da abin da mutanen Nijar suka saba gani, inda ma'aikatan ruwa da daji ke ƙarƙashin ma'aikatar muhalli. A Sudan, jami'in da ya tare mutum a cikin gandu yana da ikon kama shi ya miƙa shi kotu.

Dokar da suke aiki da ita ita ce dokar kare namun daji da gandayen ƙasa ta 1986. Ginshiƙinta shi ne cewa ba a shiga gandun ƙasa, balle a zauna ko a kwana, sai da izinin hukuma. Ba a shiga da makami, ba a farauta, ba a saran itace, ba a noma, ba a kiwo, ba a cinna wa daji wuta. Izinin da mai gari ko omda ko wani shugaban al'umma ya bayar da baki ba ya maye gurbin takardar hukuma, ko da yake gaisuwa da sanar da shugaban gari na da amfaninsa.

Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, masu ziyara kan nemi takardar ne a ofishin hukumar a Khartum, ko kuma a garin Dindir da ke jihar Sinnar, wanda shi ne babbar ƙofar shiga gandun. Daga can mota ke ɗaukar sa'o'i a kan hanyar ƙasa kafin ta kai sansanin Galagu, cibiyar jami'ai da masaukin baƙi a cikin gandun. Ta ɓangaren Gadarif akwai sansanonin jami'ai a bakin Rahad, amma aikinsu ya fi karkata ga sintiri da tsaron iyakar gandu fiye da karɓar baƙi.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Ga ɗan ƙasar Sudan, abu na farko shi ne shaidar ɗan ƙasa mai ɗauke da lambar da ake kira "raƙam waɗani". Da ita ake rubuta sunansa a littafin masu shiga, a biya kuɗin mutum da na mota, a karɓi rasit. Ɗalibai da masu bincike sukan haɗa da wasiƙa daga jami'arsu, mai bayyana abin da za su yi da yawan kwanakin da za su ɗauka.

Ga wanda ya zo daga Najeriya ko Nijar ko Chadi ko Kamaru, takardun sun fi haka yawa. Yarjejeniyar zirga-zirga ta ƙasashen Afirka ta Yamma ba ta aiki a Sudan, don haka sai da fasfo da biza. Tun kafin yaƙi, ƙa'ida ce baƙo ya yi rajista a ofishin 'yan sanda mai kula da baƙi cikin kwana uku da shigowarsa. Haka kuma an daɗe ana neman baƙi su mallaki izinin tafiya tsakanin jihohi da izinin ɗaukar hoto. Takardar shiga gandu tana zuwa ne a kan waɗannan duka, ba ta share ko ɗaya daga cikinsu.

A nan ne Hausawa da yawa ke faɗawa tsaka mai wuya. Akwai iyalan da kakanninsu suka zo kan hanyar Makka suka zauna, ko suka biyo hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, wadda ta haifar da garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Waɗannan 'yan Sudan ne haihuwa da tashi, amma ba kowane ɗan ƙauye ne ya mallaki takardar da za ta tabbatar da haka a gaban jami'i ba. Shi kuma ɗan'uwan da ya zo ziyara daga Kano ko Maraɗi, jin Hausa da zama a gidan dangi ba sa cire shi daga sahun baƙi a idon doka.

Kuɗin shiga yana sauyawa saboda faɗuwar darajar fam ɗin Sudan, kuma abin da baƙo ke biya ya fi na ɗan ƙasa. Abin da ba ya sauyawa shi ne muhimmancin karɓar rasit mai tambarin hukuma da ajiye shi har a fita.

Ana iya shiga a ƙafa a kafa tanti inda aka ga dama?

A'a. A Amurka, a gandaye irin su Grand Canyon, mutum na iya neman takarda ta musamman, ya goya kayansa ya yi kwanaki yana tafiya shi kaɗai. Takardar takan fayyace yankin da zai kwana kowane dare da yawan mutanen da ke tare da shi. Dindir ba a gina shi a kan wannan tsari ba. Baƙo yana shiga ne da mota, yana kwana a sansanin da hukuma ta ware, galibi Galagu, ko dai a ɗakunan saukar baƙi ko a tantinsa a harabar sansanin. Idan zai fita kallon dabbobi, sai da rakiyar jami'i mai bindiga. Tafiya a ƙafa takan kasance gajera, da rana, a inda jami'in ya amince. Kwana a wani wuri daban, kamar yadda masu bincike kan buƙata, sai da amincewar shugabannin gandu tun kafin a tashi, kuma da jami'ai a tare.

Akwai dalilai uku a bayan wannan tsauri. Na farko dabbobi ne. Har yanzu akwai zakuna a Dindir. A farkon 2016 wani ayarin masu bincike na Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Hans Bauer, ya sanar da tabbatar da zakuna a Alatish, ya kuma ƙiyasta cewa gandayen biyu a haɗe na iya ɗauke da zaki 100 zuwa 200. Ɓauna ma ba abin wasa ba ce, musamman wadda mafarauta suka raunata ta tsere. Na biyu mutane ne: dajin yana kan iyaka, kuma mafarauta da masu fasa-ƙwauri na ratsa shi da makamai. Na uku kuma, jami'in sintiri da ya hangi wuta ko tocila cikin dare a inda ba a rubuta kowa ba, zai ɗauka mafarauci ne. Takardar da ke nuna wurin kwana ita ce ke hana a yi wa mai ziyara wannan kallo, kuma ita ce ke nuna inda za a fara nema idan bai dawo ba.

Yaushe ne gandun ke buɗe?

Ƙasar yankin baƙar laka ce. Da rani tana dararrashewa, da damina kuma ta zama taɓo mai kama tayar mota da ƙafar mutum. Ruwan sama yana sauka ne daga wajen Yuni zuwa Oktoba, kuma a tsawon wannan lokaci hanyoyin gandun ba sa biyuwa. Sai ƙasa ta bushe a gyara hanya, don haka lokacin ziyara yakan fara ne daga wajen Disamba zuwa ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu.

Disamba da Janairu sun fi sanyi, amma ciyawa na da tsawo, tana ɓoye dabbobi. Daga Fabrairu zuwa Afrilu an fi ganin namun daji saboda sun taru a bakin fadamu, sai dai zafi kan haura digiri 40 a ma'aunin Selsiyus. Mai tafiya a irin wannan zafi yana buƙatar lita da yawa na ruwa a yini, kuma ruwan kududdufi ba a shansa sai an tace an tafasa. Wannan ma na cikin abin da ke hana doguwar tafiyar ƙafa: ba wanda zai iya goya ruwan kwana uku a bayansa.

Me ya sa ake tsananta maganar wuta da bakin ruwa?

Kusan kowace shekara gobara na cinye wani babban yanki na gandun. Wasu gobarar na tashi daga masu ɗiban zuma da ke kunna wuta don korar ƙudan zuma, wasu daga makiyaya da ke ƙona busasshiyar ciyawa don sabuwa ta tsiro, wasu daga mafarauta. Wutar girki da aka tashi aka bari ba a kashe ba ta isa ta yi irin wannan ɓarna idan iskar hunturu ta kaɗa. Idan ciyawa ta ƙone, ƙasa na zama tsirara, ruwan farko ya kwashe ta ya zuba a cikin fadamu. A hankali fadama ta cike da laka, ta daina riƙe ruwa har ƙarshen rani. Shi ya sa ake hura wuta a wurin da aka ware kawai, a share kewayensa, a kashe ta da ruwa ko ƙasa kafin a kwanta.

Bakin ruwa kuma na dabbobi ne. A watan Maris ko Afrilu, fadama ɗaya na iya zama mashaya ɗaya tilo a faɗin kilomitoci masu yawa. Idan mutane suka kafa tanti a bakinta, dabbobi masu tsoro za su ƙi zuwa shan ruwa duk dare, marasa tsoro kuma za su zo su tarar da mutane a kan hanyarsu. A gandayen duniya da dama, ƙa'idar ita ce a nisanci ruwa da aƙalla mita 60 wajen kwana da wanka da bahaya, a tona rami mai zurfin kamar taƙi guda a rufe. A dajin da ke da zaki da ɓauna, jami'in rakiya zai nemi nisan da ya fi haka.

Sauran ƙa'idojin sanannu ne. Ba a ba gwaggon biri abinci, domin idan ya saba zai riƙa fasa kayan mutane. Ba a barin leda da gwangwani, a fita da duk sharar da aka shiga da ita. Ba a ɗaukar ƙaho ko fata ko ƙwan jimina ko da an tsince su yashe a ƙasa, domin a shingen bincike ba a bambanta tsintuwa da farauta. Ba a tuƙi da dare, ba a kauce wa hanya.

Cutar da ba a gani sai an koma gida

Haɗarin da ya fi kashe masu kwana a dajin Gadarif ba shi da haƙori ko ƙaho. Jihar na cikin wuraren da cutar kala-azar ta fi ƙamari a duniya, musamman a ƙauyukan bakin Rahad da Atbara. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne mai cizo da dare ke yaɗa ta, wanda bai kai sauro girma ba. Yana rayuwa ne a dajin dushe da aduwa, yana fakewa a tsagogin baƙar ƙasa. Ya fi yawa a ƙarshen rani, daga Maris zuwa Yuni, wato daidai lokacin da zafi ke sa mutane kwana a waje ba riga, kuma daidai lokacin da aka fi zuwa kallon dabbobi.

Cutar ba ta bayyana nan take. Takan ɗauki wata biyu zuwa shida kafin a fara zazzaɓi mai tsawo, da rama, da kumburin saifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 95 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa. Amma tana warkewa idan an gano ta. A gabashin Afirka an fi amfani da allurai iri biyu a haɗe na tsawon kwana 17, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana jinyar masu ita a jihar Gadarif.

Ga mai kwana a daji, rigakafin shi ne gidan sauro mai magani kuma mai ƙananan ido, da tufafi masu rufe hannu da ƙafa bayan magariba, da nisantar kwanciya a ƙasa a gindin dushe ko aduwa. Ga wanda ya koma Kano ko Damagaram ko Njamena ya kama zazzaɓin da maganin cizon sauro bai sauke ba, wajibi ne ya gaya wa likita cewa ya kwana a dajin gabashin Sudan, domin likitan can ba lalle ne tunaninsa ya kai kan wannan cuta ba.

Ina matsayin mazauna da makiyaya?

Lokacin da aka shata gandun a 1935, yankin ba shi da jama'a sosai. Daga tsakiyar shekarun 1940 aka fara noman tarakta a kusa da Gadarif, a yankin Gadambaliya, kuma a shekarun da suka biyo baya manyan gonakin dawa da riɗi suka cinye dazuzzukan da dabbobi ke ƙaura zuwa cikinsu da damina, suka toshe burtalai da dama. Farin shekarun 1970 da 1980 ya koro dubban mutane daga yammacin Sudan da Afirka ta Yamma, suka zauna a bakin Rahad da Dindir. Da aka faɗaɗa gandun a 1983, ƙauyuka kusan goma na bakin Rahad suka wayi gari a cikinsa. A can kudu kuma akwai mutanen Magano, waɗanda zamansu a wurin ya daɗe.

Dabbobi sun ji jiki a wannan sauyi. Wata irin barewa da ke da yawa a da ta ɓace tun wajen 1970, raƙumin dawa kuma ba a sake ganinsa ba tun shekarun 1980. Makiyaya ma sun ji jiki. Bayan ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011, wuraren kiwon rani da dama sun koma bayan iyakar wata ƙasa, sai gandun ya zama wurin da ya rage mai ruwa da ciyawa a watan Afrilu. Hukuncin shiga da dabbobi kuwa mai tsanani ne: tara, ɗauri, da ƙwace wani ɓangare na garke, wanda aka sha kai shi rabi. An sha yin arangama tsakanin makiyaya da jami'ai, an rasa rayuka a ɓangarorin biyu.

A farkon shekarun 2000, wani shiri da Hukumar Raya Ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya fito da tsarin raba gandun gida uku: tsakiya, inda ba a taɓa komai, kewayenta, inda ake iya yarda da wasu ayyuka ƙalilan bisa izini da sa ido, sai bakin iyaka, inda ƙauyuka da gonaki suke. An kafa kwamitocin ƙauyuka don su zama tsani tsakanin jama'a da hukuma. Ma'anar wannan ga masunci ko mai ɗiban zuma ita ce, zama ɗan ƙauyen da ke cikin gandu bai ba shi damar kwana a ko'ina ba. Izinin su ko na tsintar busasshen itace, idan an bayar, yana da wuri da lokaci. Wanda aka samu a wajen wurin da aka rubuta masa, hukuncinsa ɗaya da wanda ba shi da takarda.

Ƙorafin mazauna shi ne ana hana su faɗaɗa gona alhali iyalansu na ƙaruwa, manyan manoma kuma na riƙe da dubban kadada a wajen gandu. Amsar jami'ai ita ce idan aka bar kowa ya shiga, fadamun za su mutu, kuma ba makiyayi ko masunci da zai amfana da busasshiyar fadama. Rikicin ƙasa ba sabon abu ba ne ga Hausawan yankin: faɗan da aka yi a jihar Nilul Azraƙ a watan Yulin 2022, wanda ya jawo zanga-zangar Hausawa har a Gadarif da Kasala, kan ƙasa da sarauta ya taso.

Me yaƙi ya sauya?

Tun ranar 15 ga Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi tsakanin sojoji da dakarun RSF. A Disambar 2023 RSF ta kama Wad Madani. A tsakiyar 2024 ta shiga Sinja, babban birnin jihar Sinnar, da garin Dindir kansa. Sojoji sun karɓe garin Dindir a watan Oktoba, Sinja a Nuwamba, Wad Madani kuma a Janairun 2025. Gadarif ba ta faɗi ba, amma ta cika da 'yan gudun hijira, ban da mutanen Tigray da ke sansanin Um Rakuba tun ƙarshen 2020.

Wannan ya sa takardar hukumar namun daji kaɗai ba ta isa ba. Hanyoyi na cike da shingayen bincike, kuma izinin jami'an tsaron jiha ya zama sharaɗi ga duk wanda zai doshi iyaka. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ba da rahoton kame mutane bisa zargin haɗa baki da wani ɓangare, sau da yawa saboda asalinsu ko kamanninsu. Mutumin da aka tsinta cikin daji da jaka da na'urar ɗaukar hoto ba tare da takarda ba, zargin da zai fuskanta ya wuce na karya dokar gandu. Akwai kuma ragowar harsasai da bama-bamai da ba su fashe ba a wuraren da aka gwabza. Ƙasashe da yawa na gargaɗin 'yan ƙasarsu da kada su je Sudan kwata-kwata.

Yaya abin yake a sauran ƙasashe?

Wanda ya san gandayen Afirka ta Yamma ba zai yi mamakin tsarin Dindir ba. A gandun W na Nijar, wanda ya zama gandun ƙasa a 1954, ana shiga ne ta Tapoa, a biya kuɗi, a ɗauki ɗan jagora, a kwana a wuraren da aka ware, kuma da rani kawai. Matsalar tsaro ta kusan tsayar da ziyara a can, haka ma a Kure, inda aka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a ranar 9 ga Agustan 2020. A Yankari ta jihar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, baƙi na kwana ne a sansanin Wikki, su fita da mota tare da jagora.

Masu son tafiyar ƙafa ta kwanaki suna samunta ne a gandayen tsaunuka. A Gashaka-Gumti ta Najeriya, inda dutsen Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419 yake, ana tafiya da jami'an gandu da 'yan dako bayan an yi rajista a Serti. A tsaunukan Simien na Habasha, waɗanda hanyar Gadarif zuwa Gallabat da Gondar ke kaiwa gare su, ana yankar takarda a garin Debark, a ɗauki ɗan rakiya mai bindiga dole, a kwana a sansanoni irin su Sankaber da Gich da Chennek. Sai dai yankin Amhara ma na fama da rikici tun 2023. A duk waɗannan wurare ba a yarda mutum ya shiga shi kaɗai ya zaɓi wurin kwanansa ba.

Abin da ya kamata a tabbatar kafin a tashi

Mai niyyar kwana a Dindir, baƙo ne ko ɗan gari, zai fara ne da ofishin 'yan sandan namun daji na jihar da zai shiga ta cikinta, ya tambaya ko gandun a buɗe yake a wannan lokaci, da hanyar da aka yarda a bi. Ya nemi a rubuta masa sunayen duk waɗanda ke tare da shi, da ranar shiga da ta fita, da wurin kwana, da abin da ya kai shi. Ya riƙe asalin takardar a jikinsa, ya bar kwafi a gida tare da wanda ya san ranar dawowarsa, domin a mafi yawan gandun waya ba ta kamawa.

Masunta da masu ɗiban zuma da ke da izini su bi ta kwamitin ƙauye, su san iyakar da aka yanka musu a ƙasa, da sunan fadama ko kwari, su kuma sabunta takardar idan wa'adinta ya cika. Makiyayin da ke gangarowa kudu da rani ya binciki inda alamun iyaka suke tun kafin garkensa ya kai bakin Rahad, domin da zarar shanu sun sha ruwa a cikin gandu, magana ta koma hannun kotu.